Kafin ka ɗora shafin kasuwancinka kan WordPress: inda yake da daɗi da inda yake cizo

Duk sanda mai kasuwanci ya same ni da maganar yana son a buɗe masa shafin intanet, tambayar da yake fara jefo min ita ce wai da gaske ne WordPress ɗin nan kyauta ne? Sai in ce masa eh da gaske ne, amma fa irin kyautar doki ce, an miƙo maka linzami ka karɓa kana murna, ciyawa da magani da sharar barga kuma duk sun dawo wuyanka. In ka gane wannan tun farko to ka huta da rabin ciwon kan da mutane ke shiga.

Bari in ɗan faɗi mene ne shi tukuna. WordPress manhaja ce ta sarrafa abin da ke cikin shafi, wato maimakon duk sanda za ka canza lambar waya ko ka sa hoton sabon kaya sai ka nemo wanda ya iya rubuta kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta), kawai ka shiga dashbod, allon sarrafa shafin, da sunanka da kalmar sirri ka rubuta kamar kana rubuta imel ka danna ka fita. A watan Mayu na 2003 ya fito, Matt Mullenweg ɗan Amurka da Mike Little ɗan Ingila ne suka fara shi, kuma ba daga tushe suka ƙirƙira ba, wata manhaja ce mai suna b2/cafelog da mai ita ya daina kula da ita suka ɗauka suka ci gaba da gini a kai, lasisin GPL da take kai ya ba su dama. To ka ga ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja kenan a aikace, kod ɗin a fili yake, kowa zai iya dubawa ya gyara ya rarraba, in mai ita ya gaji ba ta mutuwa tare da shi. Yau ƙididdigar W3Techs, shafin da ke bin diddigin manhajojin da shafuka ke amfani da su, tana nuna sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kansa suke.

Abu ɗaya da ke rikita mutane sosai, akwai WordPress.org akwai WordPress.com kuma ba ɗaya ba ne. Na farkon nan ne ake sauke manhajar kyauta ka ɗora a hostin ɗin da ka ga dama, wato kamfanin da kake hayar wuri a kwamfutarsa don shafin ya zauna a intanet. Na biyun sabis ne na kamfanin Automattic wanda Mullenweg ya kafa a 2005, su za su riƙe maka shafin su kula da shi, kai kuma ka bi tsarinsu. Duk maganar da zan yi a nan kan na farkon ce.

Fara da tambayar kanka ko ma kana buƙatarsa

Gaskiya ba kowane kasuwanci ne yake buƙatar WordPress ba, kuma masu haɗa shafi ba sa son faɗin haka. In duk abin da kake so shafi ɗaya ne mai sunan kamfani da adireshi da lambar waya da hotuna biyar, kuma ka san har shekara ta zagayo ba za ka taɓa shi ba, to ɗauko manhaja mai rumbun bayanai da dashbod da sabuntawa kowane wata ɗora wa kai kaya ne kawai, shafin HTML tsura, wato shafi tsayayye mara dashbod, ya ishe ka, ba shi da ƙofar shiga balle a ɓalle ta. Haka in ba ka da kowa da zai riƙa leƙa shafin ko sau ɗaya a sati, kai ba lokaci, ma'aikatanka ba wanda ya damu, to irin su Wix ko Squarespace ko Shopify sun fi maka kwanciyar hankali, kana biyan haya su suna gyaran gida. Illarsu ita ce gidan haya ne, shafin da ka gina a Wix misali ba za ka iya naɗe shi ka kai wani hostin ba, ran da za ka tashi sai dai ka sake gini.

Nan ne WordPress ya yi musu fintinkau. Shafinka fayiloli ne da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, duk kamfanin hostin da ke da PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, zai iya ɗaukarsa, in wannan ya ɓata maka rai ka kwashe kayanka ka koma wancan cikin yini ɗaya. In wanda ya haɗa maka ya yi ɓatan dabo, masu iya aikin suna nan birjik, ba sai ka roƙi kowa ba. In kana yawan sa sabbin kaya, kana rubuta bayanai don Google ya riƙa turo maka kwastoma, kana da ma'aikata biyu uku da kowa zai riƙa sa nasa, ko kana hangen nan gaba za ka ƙara shago ko wurin yin rajista, to ka zo inda ya dace.

Sunan shafi da hostin su zama da sunanka

Wannan zan nanata shi har ka gaji da ni. Domen, wato adireshin shafin, da imel ɗinka za a yi rajistarsa, da katinka za a biya, kai za ka riƙe kalmar sirri. Hostin ma haka. Na taɓa karɓar aikin wani ƙaramin kamfani da shafinsu ya ɓace rana tsaka, da muka bincika ashe wanda ya haɗa musu shekaru uku baya da nasa imel ɗin ya yi rajistar komai, saƙon cewa wa'adi ya kusa ƙarewa can yake ta zuwa, shi kuma ya bar sana'ar ya canza layi. Adireshin yana buge a jikin motocinsu da katunansu da rasit ɗinsu, haka suka haƙura suka sayi wani sunan. To ina amfanin 'yancin buɗaɗɗiyar manhaja in makullin yana aljihun wani?

Wajen zaɓen hostin kuma araha ba ta ado. Mafi arha yawanci shafuka ɗaruruwa ne aka cusa a saba ɗaya, wato kwamfutar da shafukan ke zama a kanta, in maƙwabcinka ya samu baƙi da yawa kai ma naka ya fara jan ƙafa. Kafin ka biya ka tambaye su abu huɗu, suna yin bakof, wato kwafin ajiya na shafin, kullum kuma kwana nawa suke ajiyewa, suna da sabon PHP kuma za ka iya canzawa da kanka, suna ba da shafin gwaji, sannan takardar tsaro ta SSL, mai sa adireshi ya fara da https, tana ciki ko sai ka biya daban. Wannan ta ƙarshen bai kamata ma a caje ka ba tunda Let's Encrypt kyauta suke bayarwa, kuma tun 2018 burauzar Chrome take rubuta wa baƙo cewa shafi ba shi da tsaro in adireshinsa bai fara da https ba, ka ga ba ƙaramin kunya ba ne ga kamfani.

Girka WordPress ɗin kansa ba wani aiki ba ne, yawancin hostin danna maɓalli ɗaya ne. Abin lura kawai kada ka bar sunan shiga ya zama admin, shi ne na farko da masu kutse ke gwadawa.

Jigo

Jigo shi ne rigar da shafin yake sawa, launi da tsari da inda komai yake zama, tun 2005 aka shigo da tsarin. Mutane suna ruɗuwa da jigon da suka gani a talla yana ta walƙiya hotuna na shawagi, su saya su girka sai su ga shafin yana ɗaukar daƙiƙa takwas kafin ya buɗe a waya. Ni dai shawarata ka ɗauki mara nauyi, irin su Astra ko GeneratePress ko Kadence ko ma wanda WordPress yake zuwa da shi, ka gwada a waya kafin kwamfuta don yawancin baƙinka ta waya za su zo. In za a taɓa kod ɗin jigon to a yi masa ɗan jigo, wato ƙaramin jigo da ke gadon komai daga na asali, a zuba gyaran a ciki, in ba haka ba ranar da aka sabunta uwar duk gyaranka ya bi ruwa.

Akwai kuma manhajojin ja-ka-ajiye irin su Elementor da Divi, suna da sauƙi ba ƙarya, amma suna ƙara nauyi kuma suna ɗaure ka, wasu in ka cire su sai ka tarar shafukanka cike da tarkacen kod da ba mai iya karantawa. Tun Disamba 2018 da WordPress 5.0 ya zo da editan bulo-bulo mai suna Gutenberg, da farko mutane sun yi ta ƙorafi ni ma har da ni, amma yanzu ya isa gina shafin kamfani na yau da kullum ba tare da ƙarin komai ba.

Fulogin, nan ne daɗin nan ne kuma wahalar

Fulogin ƙananan manhajoji ne da ake liƙa wa WordPress su ƙara masa aiki, kuma su ne sirrin da ya sa ya mamaye duniya. A rumbun WordPress.org kaɗai akwai sama da 50,000 na kyauta. Kana son fom ɗin tuntuɓa akwai Contact Form 7, kana son taimako wajen fitowa a Google akwai Yoast SEO, kana son shafi mai harshe biyu akwai Polylang, kana son shago sukutum akwai WooCommerce wanda ya fito a 2011 Automattic suka saye shi a 2015. Abin da da sai ka ɗauki mai rubuta kod wata biyu, yanzu minti goma ne.

To amma kowane fulogin wani mutum ne daban ya rubuta shi, wani kamfani ne mai ma'aikata, wani kuma mutum ɗaya ne da ya yi shi a lokacin hutunsa ya manta da shi, kuma da zarar ka girka ka ba shi ikon taɓa komai a shafinka. Shi WordPress ɗin kansa yana da masu sa ido da yawa, tun 2013 ma yake sabunta ƙananan gyare-gyaren tsaro da kansa, yawancin ɓarakar da ake samu daga fulogin da jigo take zuwa. A Satumba 2020 an gano rami a wani fulogin mai suna File Manager da ke kan shafuka sama da 700,000, rami ne da ke ba baƙo damar loda fayil ya sarrafa shafin ba tare da kalmar sirri ba, masu shi sun fitar da gyara amma duk wanda bai sabunta da wuri ba ya ji a jikinsa. Kuma kada ka ce ai ni ƙaramin kamfani ne wa zai damu da ni, ba mutum ba ne yake zaune yana zaɓen wanda zai shiga, manhajoji ne ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka kafin ka danna girka, ka duba shafin fulogin ɗin, yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, in ya haura shekara ka yi hattara, shafuka nawa ke amfani da shi, an gwada shi da WordPress na yanzu, sannan ka leƙa wurin ƙorafi ka ga ko mai shi yana amsa mutane ko kuwa tambayoyi ne jibge ba amsa. Sai ka tambayi kanka, in babu wannan ɗin kasuwancina zai tsaya? In a'a ne ka bar shi. Shafin kamfani na yau da kullum da fulogin goma zuwa sha biyar ya wadatu, na sha buɗe dashbod in ga arba'in da wani abu, uku daga ciki aiki ɗaya suke yi suna faɗa da juna. Wanda ka daina amfani da shi kuma goge shi za ka yi gaba ɗaya, kashe shi kawai bai isa ba tunda fayilolinsa suna nan a saba.

Sai babban tarko, jigo da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a wasu shafuka an ɓalle musu lasisi. Wallahi ka guje su. Wani mai kamfanin gyaran injina ya taɓa kirana hankali a tashe, ya ce shafinsa lafiya lau yake in ya buɗe, amma kwastoma ya turo masa hoton abin da Google ke nunawa, sunan kamfaninsa a sama, ƙasa kuma rubutun Japananci da tallan jakunkuna na jabu. Na shiga babban fayil ɗin wp-content, inda jigo da fulogin da hotuna ke zama, na tarar da fayilolin PHP a cikin wurin ajiye hotuna inda bai kamata a ga ko ɗaya ba, a jerin masu shiga kuma ga wani admin, wato mai cikakken iko, da ba wanda ya san shi, shafukan bogi dubbai an ƙirƙira a ɓoye. Tushen abin jigo ne na bayan fage da wanda ya haɗa masa ya sauke don ya rage kashe kuɗi, da ƙofar ɓarayin a ciki ya zo. Sharewar ta ci kwana biyu, amma kafin Google ya manta da shafukan bogin an yi watanni.

Ka sani kuma cewa da yawan fulogin na kyauta ɗanɗano ne kawai, aikin da kake nema na gaske yana cikin na kuɗi, kuma yawanci duk shekara ake biya. Ka lissafa wannan tun farko tare da domen da hostin da ladan mai kula, shi ne ainihin kuɗin shafin.

Kullewa da sabuntawa

Tsaron ba wani sihiri ba ne. Kalmar sirri doguwa wadda ba ka amfani da ita a wani wuri, tantancewa mataki biyu ga duk mai ikon admin, da fulogin tsaro guda ɗaya kamar Wordfence da zai tare mai ta gwada kalmar sirri a shafin shiga na wp-login.php. WordPress yana da matakan iko, daga admin sai edita sai marubuci har zuwa ƙasa, to ma'aikacin da aikinsa sa hotuna da rubutu ne ba shi edita ya ishe shi, ba zai iya girka fulogin ko goge jigo ba. Ran da ma'aikaci ya bar aiki a ranar za ka rufe asusunsa.

Sabuntawa ita ce inda mutane ke shiga tsaka mai wuya, in ka ƙi yi a shigo maka, in ka yi da ka wani abu ya fashe. Yadda nake yi, bakof tukuna, na fayiloli da na rumbun bayanai duka biyun, sannan in gwada a shafin gwaji, in lafiya sai in yi a na gaske, ɗaya bayan ɗaya ba duka a tare ba don in wani ya kawo matsala in san wane ne. Kada ka yi da daddare kana shirin kwanciya ko ana gobe za ka fara babban talla. Tun 2020 akwai damar ka kunna wa fulogin sabunta kansa, ina kunna wa ƙanana da na yarda da su, amma WooCommerce da duk abin da ya shafi biyan kuɗi da hannu nake yi.

In kuma ta faru ka buɗe ka ga farin allo ko saƙon cewa an samu babbar matsala, kada ka ruɗe. Duba imel ɗin admin, tun WordPress 5.2 yana turo saƙo da sunan fulogin ɗin da ya jawo abin tare da hanyar shiga ta gaggawa. In saƙon bai zo ba, shiga wurin sarrafa fayiloli na hostin, je wp-content sannan plugins, canza wa babban fayil ɗin wanda kake zargi suna, ko harafi ɗaya ka ƙara, WordPress zai neme shi ya rasa sai ya kashe shi, shafin ya dawo. Wannan 'yar dabarar ta cece ni ba adadi.

Shi bakof ɗin kuma kada ya zauna a saba ɗaya da shafin, UpdraftPlus zai iya tura maka shi Google Drive ko Dropbox da kansa. Kuma ka gwada dawo da shi ko sau ɗaya a shafin gwaji, na ga wanda ya shekara yana tara bakof ranar buƙata aka buɗe ashe hotuna ne kawai babu rumbun bayanai.

Abubuwa biyu ƙanana da ke cin kwastoma a ɓoye

Na farko nauyi. Hoton da aka ɗauka da waya aka loda kai tsaye zai iya kai megabait biyar, goma irinsa a shafin farko sun gama da kai. Rage girmansu kafin lodawa, WordPress yana karɓar WebP, nau'in hoto mara nauyi, tun 2021, ka sa fulogin kesh guda ɗaya, mai ajiye kwafin shafi a shirye don ya buɗe da sauri, ka auna da PageSpeed Insights na Google. Na biyu fom ɗin tuntuɓa. Yadda WordPress ke tura imel da kansa sau da yawa saƙon yana faɗawa kwandon shara ko ma bai iso ba sam, kwastoma ya cika fom an ce masa an karɓa kai kuma shiru kake ji kana cewa kasuwa ba ta tafiya. Sa WP Mail SMTP ka haɗa da imel ɗin kamfani na gaske, sannan duk wata ka cika fom ɗin da kanka ka ga ko ya iso.

Wa za ka kira?

Wannan raunin ba shi da fulogin. Babu lambar wayar WordPress da za ka buga ka ce shafina ya faɗi, mai hostin zai ce laifin fulogin ne, mai fulogin ya ce jigo ne, mai jigo ya ce PHP ɗin hostin ne, kai kana tsakiya. Su ma manyan suna da nasu rikicin, a Satumba 2024 rigima ta ɓarke tsakanin Mullenweg da kamfanin hostin na WP Engine har aka toshe wa sabobin kamfanin hanyar ɗauko sabuntawa daga WordPress.org, sai a Disamba kotu a Amurka ta ba da umarnin a buɗe. Masu shafukan da ba ruwansu da faɗan su suka ga ta kansu a tsakani, wato kod ɗin na kowa ne amma rumbun da ake ɗaukowa yana da mai riƙe da shi.

Wasu za su ce to ka koma Drupal ko Joomla mana. Dukansu buɗaɗɗun manhajoji ne irin WordPress, Drupal da Dries Buytaert ya fitar a 2001 ya fi ƙarfi wajen shafuka masu sarƙaƙiya da matakan iko da yawa shi ya sa gwamnatoci da jami'o'i ke son sa, amma koyonsa da wuya kuma masu iya shi sun fi tsada, shi ma ya sha nasa dukan a 2014 da 2018 lokacin ramukan da aka yi wa laƙabi da Drupalgeddon. Joomla da ya ɓalle daga wata manhaja mai suna Mambo a 2005 yana tsakiya, sai dai masu aikinsa ba su kai na WordPress yawa ba. Ga ƙarami ko matsakaicin kasuwanci ni dai WordPress nake nunawa.

Saboda haka ranar da mai haɗa shafi zai miƙa maka aiki, kada ka biya ragowar kuɗin sai kun zauna tare ka shiga asusun domen da na hostin da dashbod da hannunka, ya rubuta maka sunan jigo da kowane fulogin da wanda ke da lasisin kuɗi da ranar ƙarewarsa da imel ɗin da aka saya da shi, ya nuna maka inda bakof ke zuwa, ku kuma yi yarjejeniya a rubuce kan wa zai riƙa sabuntawa, sau nawa a wata, da awa nawa zai ɗauka kafin ya amsa in shafin ya faɗi. Bayan ya tashi ka canza kalmomin sirrin duka, in zai ci gaba da kula da shafin ka buɗe masa nasa asusun daban.